Yaro ya ƙi ci ya ƙi sha bayan an cire masa ƴan wuya: wane maganin rage zafi ya dace?

Uwar Ɗan Auta, unguwar Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure, da fatan an wuni lafiya, ya kuma haƙuri da zafin nan na Afrilu. Na zo da tambaya ne a kan ɗana mai shekara 6, wanda aka yi wa aikin cire ƴan wuya ranar Litinin da ta wuce a wani asibiti a nan Maradi. Abin da ya kai mu ga aikin shi ne minshari mai ƙarfi da yake yi tun yana ɗan shekara 4, har numfashinsa yakan ɗauke cikin barci ya farka a firgice, ga kuma ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da ke dawo masa kusan kowane wata biyu. Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi, kwana ɗaya muka yi aka sallame mu.

Yau Alhamis, kwana uku ke nan da aikin, kuma a ganina jikin ya fi tsanani a kan ranar da muka dawo gida. Da safe ba ya iya haɗiye ko miyau, yana barin sa ya dalalo a kan matashi, ya ƙi kunu, ya ƙi ruwa, ga shi tun jiya yake riƙe kunnuwansa yana kuka alhali ba a taɓa masa kunne ba. Da na haska bakinsa da fitilar waya sai na ga fari fat a inda aka yi aikin, ga wari yana fita, har na fara tunanin ko wurin ya yi mugunya ne.

Likita ya rubuta mana siro biyu, farasitamol da ibufurofen. Farasitamol ɗin ina ba shi cokali ɗaya idan na ga kukan ya yi yawa, wani lokaci sau biyu a wuni, domin ba na son in cika masa ciki da magani bai ci komai ba. Ibufurofen ɗin kuwa sau ɗaya na ba shi na dakata, saboda maƙwabciyata ta ce yana tsinka jini kuma wanda aka yanka bai kamata ya sha ba. Daren jiya ƙanin maigidana, wanda yake fatauci tsakanin nan da Jibiya, ya kawo tiramol ya ce a buɗe ƙwanso ɗaya a zuba rabin garin a ruwa a ba yaron ya samu barci, ya kuma ce akwai wani siron tari mai sa barci idan wannan bai yi ba. Ban ba shi ba, amma ganin halin da yake ciki zuciyata ta fara karkata. Kakarsa kuma tana ganin a dama masa kunun kanwa mai zafi domin ya gasa wurin, a riƙa lasa masa zuma. Nauyinsa kilo 20 ne a ranar da aka auna shi kafin aiki. Don Allah masu sani su taimaka mini da abin da ya kamata in ba shi da abin da ya kamata in guje wa.

Tsohon Majo, unguwar Zariya

Wa alaikumus salam. Ƴata, Allah ya ba yaro lafiya, ya sa kaffara ce. Kafin komai, wannan tiramol ɗin ki mayar wa mai shi a daren nan, kada ko ƙwayar garinsa ta shiga bakin yaron, haka ma siron tarin da aka ambata. Na ga akwai ma'aikacin farmasi a zauren nan, shi zai fi ni bayyana dalili, ni kuma bari in tsaya a kan abin da na daɗe ina gani a ɗakin marasa lafiya kafin in yi ritaya.

Yawancin abin da kika lissafa haka ciwon yake tafiya. Aikin ƴan wuya ba a cika ɗinke shi ba, ana barin gurabe biyu a buɗe su warke da kansu, kuma zafinsu yakan ƙaru a tsakanin kwana na 3 da na 5, ya sake motsawa lokacin da ɓawon ya fara saɓulewa, sannan ya yi ta raguwa har wajen kwana 10 zuwa 14. Farin da kika gani shi ne ɓawon gyambon, a fata yakan bushe ya yi baƙi, amma a cikin maƙogwaro inda kullum akwai danshi fari yake zama ko ruwan toka, kuma shi ne yake kawo warin. Kada a goge shi, kada a sa yatsa ko tsinke. Ciwon kunnen ma daga maƙogwaron yake, domin jijiya ɗaya ce take ɗaukar saƙon zafi daga wuraren biyu, sai yaro ya ji kamar a kunne abin yake. Safiya ta fi tsanani saboda ya kwana baki buɗe, wurin ya bushe, maganin jiya kuma ya riga ya fita daga jiki.

Inda kuskuren yake shi ne jiran kuka kafin a ba da magani. Idan aka bari zafi ya kai ƙololuwa, yaro ba zai iya haɗiye maganin ba balle ruwa, rashin shan ruwa ya ƙara busar da wurin, bushewar ta ƙara zafi, haka abin zai yi ta zagayawa har a koma asibiti a ɗaura masa ƙarin ruwa. A kwanakin farko, aƙalla mako guda, agogo ake bi, ko yaro yana wasa a tsakar gida a kira shi ya sha.

Ma'aunin farasitamol ga yara miligiram 15 ne a kan kowane kilo ɗaya na nauyi, duk bayan awa 6, kada a wuce miligiram 60 a kan kowane kilo a yini da kwana. Ga yaro mai kilo 20, miligiram 300 ke nan a kowane sha, sau 4. Ki ɗauki kwalbar ki duba abin da aka rubuta a jikinta: idan miligiram 120 ne a cikin mililita 5, yaronki mililita 12 da rabi yake buƙata, idan kuma mai ƙarfin nan ne na miligiram 250 a cikin mililita 5, to mililita 6 ya ishe shi. Ƙaramin cokalin shayi bai fi mililita 5 ba, wasu ma ba su kai ba, ke nan mai yiwuwa ƙasa da rabin abin da ya kamata kike ba shi, sau biyu maimakon sau huɗu, don haka ba abin mamaki ba ne da bai samu sauƙi ba. Siro irin su Doliprane na yara suna zuwa da ma'auninsu wanda aka zana kilo a jikinsa, sai ki auna daidai kilo 20, in layukan ba su kai 20 ba ki ja har layin 10 sau biyu. Kada a yi amfani da ma'aunin wani magani a wani, domin kowanne da ƙarfinsa aka zana shi. In babu ma'auni, ki sayi sirinji sabo a farmasi, ki cire allurar ki yar, ki riƙa auna mililita da shi.

Ibufurofen kuma ana ba da miligiram 5 zuwa 10 a kan kowane kilo, duk bayan awa 6 zuwa 8, kada jimillar ta wuce miligiram 30 a kan kowane kilo a yini da kwana. Ki bi adadin da likitanku ya rubuta a takardar. Magungunan biyu ba sa faɗa da juna, hanyar aikinsu daban ce, shi ya sa ake haɗa su, kuma ana iya ba da su lokaci ɗaya ko a raba. Ga misali mai sauƙin riƙewa: farasitamol ƙarfe 6 na safe, 12 na rana, 6 na yamma da 12 na dare, ibufurofen kuma ƙarfe 6 na safe, 2 na rana da 10 na dare. Ki manna takarda a bango ki riƙa rubuta lokacin da aka ba shi, musamman a gidan da ke da hannaye da yawa, kada ke ki ba shi, kakarsa ta zo ta sake ba shi cikin tausayi. Na tsakar daren nan iyaye da yawa sukan tsallake shi don kada su tashi yaro, amma shi ne yake sa safiya ta zo da sauƙi. Ki kuma jira kamar minti 30 zuwa 45 bayan shan magani kafin ki kawo abinci, lokacin ya fara aiki.

Game da maganar maƙwabciyarki, tsoro ne da ya daɗe har a tsakanin likitoci, kuma ba daga banza ya fito ba, domin dangin wannan magani suna ɗan taɓa yadda jini yake daskarewa. Sai dai da aka tattara bincike a kan yaran da aka yi wa wannan aiki, ba a ga hujjar da za ta sa a hana shi ba, shi ya sa ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka a ƙa'idojinta na 2019 ta ce a ba yara ibufurofen ko farasitamol ko duka biyun, kuma hukumar lafiya ta Faransa a 2016 ta sa haɗin biyun a cikin abin da zai maye gurbin kodin, wani maganin zafi mai sa barci, bayan aikin. Sharaɗi ɗaya nake so ki riƙe da kyau a wannan bazara da rana take wuce digiri 40 a Maradi: ibufurofen yana wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe. Tunda kin ce ya ƙi ruwa tun safe, ki fara da cikakken farasitamol yanzu, bayan rabin awa ki riƙa ba shi ruwa mai sanyi kurɓi kaɗan kaɗan duk bayan ƴan mintoci, ko ruwan gishiri da sukari na fakiti, idan kin ga ya sha ya yi fitsari sannan ki dawo da ibufurofen. In ya kai awa 8 bai yi fitsari ba, ko fitsarin ya yi ja sosai ya ƙanƙance, ko leɓɓansa sun bushe yana kuka ba hawaye, ku koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Ma'aikacin Farmasi, Sabon Gari

Baba Majo, Allah ya ƙara girma, ka sauƙaƙa mini aiki. Hajiya, sannu da jinya. Zan yi bayani a kan magungunan da ba a ba yaron da aka cire wa ƴan wuya, domin kusan kullum sai wani ya zo wurinmu yana neman abin da ya fi farasitamol ƙarfi, yana ganin farasitamol ai maganin ciwon kai ne kawai.

Kodin shi kansa ba ya kashe zafi sosai, sai ya shiga hanta ta juya wani ɓangarensa zuwa mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfin gaske. Matsalar ita ce hantar mutane ba ɗaya ba ce a wannan aiki, abu ne na gado. Akwai wanda tasa ba ta juya komai, ya sha a banza, akwai kuma wanda tasa take juyawa da sauri ƙwarai, sai ma'aunin da aka rubuta daidai ya zame masa mofin mai yawa a jini, numfashinsa ya yi ta raguwa cikin barci har ya tsaya. Masu irin wannan hanta sun fi yawa a wasu al'ummomin Afirka da ƙasashen Larabawa a kan Turai, a Habasha an samu kusan kashi 29 cikin 100, kuma babu yadda za a gane su da ido. Yaran da aka yi wa aiki saboda ɗaukewar numfashi cikin barci, kamar naki, su ne suka fi shiga hatsari, domin dama numfashinsu na dare bai da ƙarfi, ga kumburin aiki a maƙogwaro. Mutuwar yara irin waɗannan ce ta sa hukumar magunguna ta Amurka a watan Fabrairun 2013 ta hana ba da kodin ga yara bayan cire ƴan wuya, Tarayyar Turai ta bi sahu a shekarar. A 2017 Amurka ta haɗa da tiramadol, wanda muke kira tiramol, ta ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara 12, kada kuma a ba ɗan ƙasa da shekara 18 bayan wannan aiki, saboda shi ma hanta ce take juya shi kamar kodin, ga shi yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Wannan a kan tiramol na gaskiya da aka san ƙarfinsa ke nan. Wanda yake yawo a tasha da kasuwa ana samun mai miligiram 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya, alhali ƙwanson da aka saba rubuta wa babban mutum miligiram 50 ne, don haka rabin da aka ce a jiƙa wa yaro mai kilo 20 zai iya fin abin da ake ba magidanci. Siron tari mai sa barci kuwa, sau da yawa kodin ne a ciki. Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, amma har yanzu yana ɓullowa ta bayan fage. Ki kuma lura da sunayen da suka yi kama da juna: Doliprane farasitamol ne zalla, Codoliprane kuwa da kodin a ciki, kuma duk kwalin da kika ga an rubuta kalmar kodin a jikinsa kada ki ba yaro. Na san ƙanin maigidanki da kyakkyawar niyya ya kawo, sai a lallaɓa a yi masa bayani, domin gobe wani gidan zai kai.

Na biyu shi ne asfirin, wanda mu a nan muka fi sani da Aspégic, da kuma garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a ƙananan takardu, wanda da yawansa asfirin ne. Shi ne ainihin maganin da yake tsinka jini, tasirinsa a jini yakan kai mako guda bayan sha ɗaya, kuma ina zaton labarinsa ne ya shafi ibufurofen a wurin maƙwabciyarki. Ban da zubar jini, yana iya jawo wa yara wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa idan sun sha shi a kan mura ko ƙarambau. Na uku, kada a haɗa masa maganin mura ko ƙwayoyin ciwon jiki na manya, domin da yawansu akwai farasitamol ko ibufurofen a ciki, sai a ninka ma'auni ba a sani ba, kuma farasitamol da ya wuce kima hanta yake lalatawa a hankali, alamar ba ta fitowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Idan yaro yana amai ko ya ƙi haɗiya sam, akwai farasitamol na matsawa ta dubura, shi ma da nauyi ake zaɓar sa. A madadin siro ake sa shi, ba a haɗa su a lokaci ɗaya, kuma a zafin nan yana narkewa, sai an ajiye shi a firigo ko a wuri mai sanyi kusa da randa. Ina roƙon a sayi maganin yara a farmasi ko a asibiti, domin siron da ya wuni a tire a ƙarƙashin rana babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ya rage a cikinsa.

Maman Ƴan Biyu, Tibiri

Ina neman afuwar Baba Majo, ba gardama nake yi da na gaba ba, amma ina da abin da ya ɗaure mini kai. Shekara biyu da suka wuce an yi wa ɗiyata irin wannan aiki, kuma likitanta ya ja mini kunne sosai cewa kada in kuskura in ba ta ibufurofen, farasitamol kaɗai ya rubuta da wani magani na kwanaki kaɗan mai rage kumburi. Yarinyar tana da asma, kuma tun tana ƙarama takan yi haɓo mai wuyar tsayawa. To yanzu idan uwa ta karanta nan cewa babu laifi, ta je ta saya da kanta, alhali ɗanta irin tawa ce, ina aka dosa? A ganina ya kamata a fito da wannan fili. Ita dai ƴar'uwata mai tambaya, likitanta ne ya rubuta mata, wannan daban.

Abin da zan iya ƙarawa daga abin da na gani shi ne batun abinci. Tawa ta fi karɓar abu mai sanyi da santsi: yawur, kunun gero da aka tace aka bari ya huce, ayaba da aka dama, dafaffen ƙwai mai laushi, daga baya tuwo mai taushi da miyar kuɓewa ko ta kuka ba yaji. Fura ma ta sha, amma sai da na sa aka kirɓa mata tata daban babu citta babu barkono, na dama da nonon da bai yi tsami ba. Lemun tsami, tsamiya da koko mai tsami suna yi mata zogi. Ƙuli-ƙuli, kilishi, soyayyar gyaɗa da ƙanzo kuwa sai da ta cika mako biyu. Zoɓo ma an hana mu, ba don yana cutarwa ba, sai don idan yaro ya yi amai ba za a bambance shi da jini ba. Kunun kanwa mai zafi da kaka take so, a ba ta haƙuri, wannan na mai jego ne, zafi yana buɗe jijiyoyin wurin ya tayar da jini. Zuma dai na ba ta ƙaramin cokali safe da dare, ta ce yana yi mata daɗi a wuya.

Tsohon Majo, unguwar Zariya

Ƙanwata, babu afuwar da za ki nema, gaskiya kika faɗa kuma gyara ne a kan maganata. Likitanki ya yi daidai da yarinyar da ke gabansa. Ba a ba da ibufurofen ga yaron da jininsa ba ya saurin tsayawa, ko mai ciwon ƙoda, ko mai gyambon ciki, ko wanda asmarsa take tashi idan ya sha irin wannan magani, ko mai ƙarambau, ko wanda yake gudawa da amai. Mai sikila kuma, wanda muke da su da yawa a yankin nan, komai nasa bayan aiki likitansa ne zai tsara, tun daga magani har yawan ruwan da zai sha. Akwai kuma likitocin da suke duba yadda aikin ya kasance a hannunsu, idan wurin ya yi jini da yawa a ɗakin tiyata su ce a dakata da shi, kuma wanda ya yi aikin ya fi mu sanin abin da ya gani. Wanda ba a rubuta masa ba ya koma ya tambaya, kada ya saya da kansa.

Zuma babu laifi ga ɗan shekara 6, akwai ma ƙananan bincike da suka nuna tana ɗan rage zafin da kuma taimaka wa warkewa, amma ƙari ce a kan magani, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. A bar wa kaka wannan aikin, zai sa ta ji ana yi da ita. Wani abu da na manta ɗazu shi ne zazzaɓi: ɗan ɗumin jiki a kwana biyun farko an saba gani, amma idan ya kai digiri 38 da rabi ya ƙi sauka, a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, domin a ƙasarmu ba a ɗora wa aiki laifin kowane zazzaɓi, ga shi farasitamol ɗin da ake sha a kai a kai yana iya rufe shi. Idan kuma an bi ma'auni da agogo kwana ɗaya cur amma yaro bai iya shan ruwa ba, a koma wurin likita. Suna da abin da za su ƙara, har da mofin idan ta kama, amma a hannunsu, ana kallon numfashin yaro.

Baban Yara, wani ƙauye a hanyar Madarunfa

Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ni manomi ne kuma malamin makaranta, ban san magani ba, amma abin da ya same mu bara nake so ki sani. Ɗana mai shekara 9 ya kwana 8 da aiki, ya fara cin abinci, ya fara fita, har mun saki jiki mun daina lissafi. Da daddare uwarsa ta lura yana ta haɗiya a cikin barci kamar mai shan ruwa, da ta haska sai ga jini a gefen bakinsa da kan matashi, da ya tashi kuma ya amayar da jini baƙi mai guda-guda wanda ya daɗe yana haɗiyewa. Neman mota a daren nan kaɗai ya ci mana kusan awa ɗaya. Allah ya kiyaye, an tsayar da jinin, ya kwana biyu a asibiti.

Abin da likitoci suka gaya mana shi ne jinin yakan zo ko a cikin awa 24 na farko, ko kuma tsakanin kwana na 5 da na 10 lokacin da ɓawon yake faɗuwa, kuma hatsarin bai ƙarewa sai an cika mako biyu. Yara kaɗan ne cikin ɗari yake samu, amma idan ya zo, ko cokali ɗaya ne na jan jini kuma ko ya tsaya da kansa, a tafi asibiti, domin ƙaramin yakan zama share fagen babba. A zaunar da yaro ya sunkuya gaba ya riƙa tofarwa, kada a kwantar da shi rigingine, kada a ba shi abinci ko wani magani a hanya saboda mai yiwuwa a sake sa shi barci a ɗakin tiyata. Nawa ya sha ƙwallo a rana da yammacin ranar, kuma an ce mini guje-guje yana daga cikin abin da ake hanawa har kwana 14. Ke da kike cikin gari kin fi mu sauƙi, duk da haka ki ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita da zai ɗauki waya da tsakar dare, kuma kada a kai yaron ƙauye gaida dangi kafin makonni biyun su cika.

Uwar Ɗan Auta, unguwar Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum. Baba Majo, Malam na farmasi, Yaya ta Tibiri da Malam na hanyar Madarunfa, Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuriya. Na duba kwalbar a daren Alhamis ɗin, mai miligiram 120 ce a cikin mililita 5, na kuma auna cokalina da sirinji na ga mililita 4 yake ɗauka, ashe kashi ɗaya cikin uku na maganin nake ba shi. Da na ba shi mililita 12 da rabi, kafin awa ɗaya ya sha rabin kofin ruwa da kansa, da asuba kuma ya yi fitsari. Safiyar Juma'a maigidan ya koma asibitin da takardar, likitan ya tabbatar da ma'aunin, ya ce a ci gaba da ibufurofen tunda yana shan ruwa kuma ba shi da asma ko sikila.

Yau Lahadi, kwana na 6. Ya ci ayaba da yawur, da rana ya ci tuwo loma biyar da miyar kuɓewa, kukan kunnen ya ragu sai da safe. Tiramol ɗin maigidan ya mayar wa ƙaninsa da kansa, kakarsa kuma ta karɓi aikin zuma, ita ce ma take tashe ni ƙarfe 12 na dare idan barci ya ɗauke ni. Farin da ke maƙogwaron ya fara ɓarewa ta gefen dama, don haka na dawo da shi ɗakina yake kwana, fitila a kusa da ni, lambar mai adaidaitan unguwarmu kuma tana rubuce a takardar bango a ƙarƙashin lokutan magani. Baba Majo, sauran tambaya ɗaya: idan mun kai kwana na 8 yana cin abinci sosai, wanne zan fara janyewa a cikin biyun, kuma na tsakar daren zan iya bari ya wuce idan yana barci?